Janar Prim na Reus: Sojan da ya kori sarauniya, ya nemo sarki, aka harbe shi kafin sarkin ya iso

Da yammacin ranar 27 ga Disamba, 1870, ana zubar dusar ƙanƙara a Madrid, shugaban gwamnatin Sifaniya, Janar Joan Prim, ya fito daga majalisar dokoki ya shiga keken doki zai koma masaukinsa a fadar Buenavista, inda ma'aikatar yaƙi take. Tafiyar ba ta da nisa. Da keken ya shiga wani siririn titi mai suna Calle del Turco, sai ya tarar an gitta kekuna an toshe hanya. Wasu mutane suka fito suka buɗe wuta ta tagogi, harsasai suka same shi a kafaɗa da hannu. Bayan kwana uku ya mutu, yana da shekara 56. A ranar da ya mutu ne jirgin ruwan da ya ɗauko sabon sarkin Sifaniya, wanda shi Prim ya sha wahalar nemowa, ya iso tashar Cartagena.

Har yau babu kotun da ta tabbatar wa kowa laifin shirya kisan. Abin da ya biyo baya kuwa sananne ne: cikin shekara huɗu, tsarin mulkin da ya gina da bindiga da dabara ya rushe gaba ɗaya, gidan sarautar da ya kora ya dawo. Don gane yadda ƙaddarar ƙasa guda ta rataya a wuyan mutum ɗaya, sai an koma garin da ya haife shi.

Garin 'yan kasuwa

Reus gari ne a kudancin Kataloniya, kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin Basalona, kusa da tsohon birnin Tarragona. Ba ya bakin teku, ba shi da babban kogi, ba kuma nan fadar babban limamin coci take ba. Kasuwa ce ta yi shi. A ƙarni na 18 manoman kewaye suka duƙufa ga noman inabi, 'yan kasuwar Reus kuma suna saye suna tace shi ya zama barasa mai ƙarfi, su ɗura a gangunan katako, su kai tashar jiragen ruwa ta Salou, daga nan a wuce da ita arewacin Turai da yankunan da Sifaniya ke mulka a nahiyar Amurka. Cinikin ya kai har mutanen garin suna kirarin cewa a wurare uku ake yanke farashin wannan barasa a duniya: Reus da Faris da Landan. A kan wannan ciniki aka sami maƙeran ganguna da majema da masaƙan siliki da na auduga, har Reus ta zama gari na biyu a yawan jama'a a Kataloniya, bayan Basalona.

Garin da ke rayuwa da fatauci yana da buƙatunsa: hanya, tashar ruwa, dokar da ba ta sauyawa da son zuciyar fada, da kariya ga dukiya. A 1805 aka fara haƙa magudanar da za ta haɗa Reus da teku a Salou, yaƙin da aka yi da sojojin Napoleon ya tsayar da aikin, ba a kuma ƙarasa shi ba. A 1833, da aka raba Sifaniya zuwa larduna, aka ba Tarragona hedikwatar lardi duk da Reus ta fi ta jama'a da arziki. Mutanen Reus sun daɗe da wannan a zuciya.

A nan aka haifi Prim a watan Disamba na 1814. A harshen Kataloniya sunansa Joan, a Sifaniyanci kuma Juan. Mahaifinsa, Pau Prim, ma'aikacin rubuta takardun ciniki da gado ne wanda ya taɓa riƙe muƙamin hafsa a yaƙin da aka yi da Faransawa. Gidan ba na sarauta ba ne, ba kuma na attajirai ba. A Sifaniyar wancan zamani, ɗan irin wannan gida da ke da buri yana da hanya ɗaya da ba a tambayar asali a cikinta, ita ce fagen fama.

Daga kurtu zuwa kanar

Sarki Fernando na Bakwai ya mutu a 1833, ya bar 'ya mace, Isabel, ba ta cika shekara uku ba. Ƙaninsa Don Carlos ya ce gadon nasa ne, sai ƙasa ta rabu. Yawancin ƙauyukan kan duwatsu da limaman coci suka bi Don Carlos da tsohon tsari na sarki mai cikakken iko. Garuruwan ciniki irin su Reus suka bi jaririyar, bisa fatan a sami kundin tsarin mulki da majalisa. Gabar ta yi zafi a Reus ƙwarai: a watan Yuli na 1835, bayan mayaƙan Don Carlos sun kashe wasu 'yan sa-kai na garin, jama'a suka ƙona gidajen zuhudu biyu suka kashe limamai da dama. Kwanaki kaɗan bayan haka irin wannan wuta ta tashi a Basalona.

Prim ya shiga rundunar 'yan sa-kai ta Isabel a 1834 yana da shekara 19, a matsayin ƙaramin soja. Ya yi suna da shiga gaba a duk arangama, ya ji raunuka da yawa, kusan kowane rauni kuma da ƙarin girman da ya biyo shi. Da yaƙin ya ƙare a 1840, ya riga ya zama kanar. A 1841 lardin Tarragona ya zaɓe shi ɗan majalisa a jam'iyyar masu ra'ayin ci gaba.

Siyasar da ya tarar tana da wata cuta da ta bi shi har kabari. Masu dukiya kaɗan ne ke da ƙuri'a. Fada ce ke naɗa gwamnati, gwamnatin da aka naɗa kuma ita ke shirya zaɓe, ta kuma ci. Jam'iyyar da fada ba ta so ba ta da ƙofar shiga mulki sai ta bariki. Saboda haka kowace jam'iyya ta tanadi janar ɗinta. Tsarin ma sananne ne, har suna gare shi, pronunciamiento: hafsa ya fito da dakarunsa ya karanta takardar ƙorafi, garuruwa su kafa kwamitocin juyi, a jira a ga ko sauran barikoki za su amsa. In sun amsa, gwamnati ta faɗi. In ba su amsa ba, hafsan ya tsallaka iyaka ko a harbe shi.

Shekarar 1843

Wanda ke riƙe da sarauta a madadin yarinya Isabel a lokacin shi ne Janar Espartero, jagoran jam'iyyar Prim. Masu masaƙun Kataloniya suna zarginsa da shirin buɗe wa yadin Ingila kasuwa, abin da zai kashe masana'antunsu. Da Basalona ta yi bore a ƙarshen 1842, Espartero ya sa aka yi mata ruwan igwa daga tsaunin Montjuïc. Prim ya yi tir da wannan a majalisa, a ƙarshen watan Mayu na 1843 kuma ya ɗaga tutar tawaye a garinsu. Janar Zurbano ya zo da igwa ya yi wa Reus luguden wuta a watan Yuni, Prim ya janye da mutanensa, amma tawayen ya riga ya bazu. A watan Yuli Espartero ya gudu Ingila. Sabuwar gwamnati ta ɗaga Reus zuwa matsayin birni, ta kuma naɗa Prim sarautar Conde de Reus.

Ma'aikata da masu sana'ar hannu na Basalona sun shiga juyin ne bisa alkawarin za a kafa babban kwamitin ƙasa da wakilan larduna, a faɗaɗa 'yanci. Da suka ga an watsar da alkawarin, suka sake tashi a watan Satumba. Abokan gabarsu suka laƙaba wa boren suna Jamància, daga wata kalma mai nufin ci, wai mayunwata ne da suka ɗauki bindiga don tuwo. Prim na cikin manyan hafsoshin da aka ba aikin murƙushe su, ya kuma yi aikin ba sassauci. Aka sake yi wa Basalona ruwan wuta har ta miƙa wuya a watan Nuwamba. Prim ya fito da muƙamin janar yana ƙasa da shekara 30. Mutumin da ya yi suna da la'antar jefa wa Basalona bama-bamai ya sami girmansa ne a yaƙin da aka sake jefa mata su, kuma talakawan birnin ba su manta ba.

Masu ra'ayin riƙau da suka ci ribar juyin ba su riƙe shi aboki ba. A 1844 aka tuhume shi da hannu a makircin kashe shugaban gwamnati, Janar Narváez, aka yanke masa ɗaurin shekara shida, daga baya aka yi masa afuwa.

Dokar Puerto Rico

A ƙarshen 1847 aka tura shi gwamnan tsibirin Puerto Rico, inda gonakin rake ke tafiya da ƙarfin bayi 'yan asalin Afirka. A watan Afrilu na 1848 Faransa ta haramta bauta a yankunanta, a watan Mayu kuma bayi suka tashi a tsibirin Martinique. Masu gonaki a Puerto Rico suka firgita. Ranar 31 ga Mayu, 1848, Prim ya fitar da wata doka da sunanta kansa ya nuna cewa a kan jinsin Afirka aka yi ta.

Dokar ta ɗauke duk wani baƙar fata, bawa ne ko ɗa, daga kotunan farar hula ta miƙa shi ga kotun soja. Bawan da ya ɗaga makami ga farar fata, a harbe shi. In ɗa ne, a yanke masa hannun dama. Ta kuma ba ubangida ikon kashe bawan da ya yi masa tawaye nan take. A watan Yuli, da bayi suka tashi a tsibirin Saint Croix na ƙasar Denmak, Prim ya aika sojoji su taimaka a kwantar da su, Denmak kuma ta ba shi lambar girma. A garin Ponce an kashe bayin da aka zarga da shirya bore. Bai cika shekara a kujerar ba aka sauya shi, wanda ya gaje shi, Juan de la Pezuela, ya soke dokar kafin shekarar ta ƙare.

Prim bai bar ra'ayin ci gaba ba a lokacin da ya sa hannu a wannan takarda. 'Yancin da yake nufi shi ne na mai shago da mai masaƙa da hafsan soja, kuma a idonsa kare dukiyar mai gonar rake yana cikin aikin.

Maroko da Meziko

Bayan ya je kallon yaƙin Daular Usmaniyya da Rasha a 1853, ya kuma auri Francisca Agüero, 'yar wani gidan attajirai na Meziko, a 1856, sai ya koma ɓangaren Janar O'Donnell. A 1859 O'Donnell ya mayar da wata 'yar taƙaddama da ƙabilar Anjera a kan iyakar Ceuta dalilin yaƙi da Maroko, yana neman abin da zai haɗa kan jam'iyyun Sifaniya. Ranar 1 ga Janairu, 1860, a Castillejos, da dakarunsa suka fara ja da baya, Prim ya ɗauki tuta ya zaburi doki ya shiga gaba, suka biyo shi. Ranar 4 ga Fabrairu aka ci yaƙin Tetuwan, inda 'yan sa-kai na Kataloniya, waɗanda ba su kai 500 ba, suka yi faɗa a ƙarƙashinsa da jajayen hulunansu na gida.

Kataloniyar da ta tsane shi a 1843 ta tarbe shi a matsayin gwarzo. Hukumar lardin Basalona ta aika wani matashin mai zane, shi ma ɗan Reus, Marià Fortuny, ya bi rundunar. Katafaren zanensa na yaƙin Tetuwan, wanda bai ƙarasa ba, yana gidan tarihin zane na Kataloniya a Basalona. Zakunan tagulla biyu da ke ƙofar majalisar dokoki a Madrid an narka su ne daga igwogin da aka ƙwace a hannun Marokawa.

Ɗaya ɓangaren labarin ya fi nauyi. Cutar kwalara ta kashe sojojin Sifaniya fiye da harsashi. Yarjejeniyar Wad-Ras ta Afrilun 1860 ta ɗora wa Sarkin Maroko Muhammadu na Huɗu tarar riyal miliyan 400. Don ya biya, ya ci bashi a Landan, jami'an Sifaniya kuma suka zauna a tashoshin jiragen ruwan Maroko shekara da shekaru suna ɗibar kaso daga kuɗin kwastan. Wannan bashi na cikin abubuwan da suka raunana baitulmalin ƙasar, suka share wa mulkin mallaka hanya.

Shekara biyu bayan haka Prim ya yi abin da ya fi komai ɗaga darajarsa. Shugaban Meziko Benito Juárez ya dakatar da biyan bashin ƙasashen waje a 1861, sai Ingila da Faransa da Sifaniya suka haɗa runduna. Prim ya jagoranci ta Sifaniya, ya sauka Veracruz a Janairun 1862. A watan Fabrairu ya sa hannu a yarjejeniyar La Soledad da ministan Juárez, Manuel Doblado, cewa za a warware batun bashi ta hanyar tattaunawa. Da ya tabbata cewa Napoleon na Uku so yake ya rusa jamhuriyar ya ɗora Yarima Maximilian na Ostiriya a kan gado, sai ya kwashe sojojinsa a watan Afrilu ba tare da jiran umarni daga Madrid ba. Ya yi gargaɗin cewa sarautar da aka dasa da sojojin baƙi za ta faɗi ranar da suka tafi. An zage shi a gida, wasu suna cewa dangin matarsa ya duba. A 1867 Faransawa suka janye, aka harbe Maximilian a Querétaro.

Korar sarauniya

Daga nan ya koma tsohuwar jam'iyyarsa, wadda ta ƙaurace wa zaɓe tun 1863 saboda Sarauniya Isabel ta Biyu ta ƙi kiran ta mulki. Prim ya zama takobinta. Ya gwada juyi a Villarejo de Salvanés a Janairun 1866, barikoki ba su amsa ba, ya tsallaka Fotugal. A watan Yuni sajan-sajan na barikin San Gil a Madrid suka tashi da sunan tafiyarsa, shi yana ƙasar waje. Gwamnati ta harbe mutum 66, yawancinsu ƙananan sojoji. A watan Agusta, a garin Ostende na Beljiyam, ya ƙulla yarjejeniya da 'yan dimokuraɗiyya: a kawar da Isabel, a bar wa majalisar da duk maza baligai suka zaɓa ta yanke irin mulkin da ƙasa za ta bi.

O'Donnell ya mutu a 1867, Narváez a 1868, sarauniya ta rasa janar-janar biyun da ke tare mata faɗa. Ga tsadar abinci, ga durƙushewar kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna tun 1866. A watan Satumba na 1868 Prim ya baro Landan cikin shigar bara, ya biyo ta Jibralta ya isa Cádiz, inda rundunar ruwa ƙarƙashin Topete ta yi tawaye. Janar Serrano ya ci sojojin sarauniya a gadar Alcolea ranar 28 ga wata, bayan kwana biyu Isabel ta tsallaka Faransa. Prim ya bi gaɓar Bahar Rum a jirgin yaƙi yana tayar da gari bayan gari, har ya shiga Basalona cikin ɗimbin jama'a.

Abin da juyin ya kawo ba kaɗan ba ne. Duk namijin da ya kai shekara 25 ya sami ƙuri'a. Kundin tsarin mulkin 1869 ya amince da 'yancin jarida da na taro da na ƙungiya, da 'yancin addini a ƙasar da ta daɗe ba ta yarda da kowane addini ba sai Katolika. Ministan kuɗi, Laureà Figuerola, shi ma ɗan Kataloniya, ya kafa peseta a matsayin kuɗin ƙasa a Oktoban 1868. An miƙa wa Basalona filin Ciutadella, ganuwar sojan da Sarki Felipe na Biyar ya gina bayan 1714 don ya sa wa birnin ido, aka mayar da shi lambun shaƙatawa. Reus kuwa ta yi gaba da kowa, hukumar garin ta fara ɗaura aure a ofis tun kafin a yi dokar ƙasa a kan haka.

Alkawari da kujera

A Yunin 1869 Serrano ya zama mai riƙon sarauta, Prim kuma shugaban gwamnati da ministan yaƙi a lokaci guda. Nan alkawura suka fara zuwa karɓar bashi. Babu abin da talaka ya tsana kamar ɗibar soja ta hanyar ƙuri'a, domin ɗan mai kuɗi yana iya biya a bar shi, ɗan talaka kuwa sai ya tafi. Juyin ya yi alkawarin soke ta. Amma Kyuba ta fara yaƙin neman 'yanci a Oktoban 1868, sai Prim ya kira mutum 25,000 a 1869, ya ƙara kiran 40,000 a 1870. Da unguwar Gràcia da ke gefen Basalona ta ƙi, aka kafa mata igwa a Afrilun 1870.

Masu son jamhuriya ta tarayya, waɗanda ke da ƙarfi a Kataloniya, sun ga an ci amanarsu da majalisa ta zaɓi ci gaba da sarauta. A kakar 1869 suka ɗauki makami a garuruwa da yawa, har da Reus, Prim ya aika soja aka murƙushe su. Masu masaƙa su ma sun fusata da sabon harajin kwastan na Figuerola da ya sassauta wa kayan waje. A batun bauta, gwamnatinsa ta zartar da dokar Moret a Yulin 1870, wadda ta 'yanta jariran da bayi suka haifa da tsofaffin da suka kai shekara 60, ta bar sauran a hannun iyayengijinsu. Wannan kaɗan ɗin ma, tare da tattaunawar da ya yi da jakadan Amurka a kan makomar Kyuba, ya ishe shi samun maƙiya a cikin attajiran rake.

Saura neman sarki. Prim ya rantse cewa gidan Borbón ba zai dawo ba, jamhuriya kuma yana ganin ta a matsayin ƙofar rikici. Fernando na Fotugal ya ƙi. An nemi wani yaro ɗan gidan sarautar Italiya, mahaifiyarsa ta hana. Tsoho Espartero ya ƙi. Duque na Montpensier, mijin ƙanwar Isabel, wanda ya zuba kuɗi a juyin yana kwaɗayin gadon, ya kashe wani yariman Borbón a faɗan fito-na-fito a Maris na 1870, ya zubar da damarsa. Da aka taɓo Yarima Leopold na gidan Hohenzollern, Faransa ta ce ba za ta zauna tsakanin Jamusawa biyu ba, Bismarck ya yi amfani da taƙaddamar, yaƙin Faransa da Furushiya ya ɓarke a watan Yuli. A ƙarshe Amadeo, ɗan Sarkin Italiya, ya amsa. Ranar 16 ga Nuwamba, 1870, majalisa ta zaɓe shi da ƙuri'a 191. Jamhuriyar tarayya ta sami 60, Montpensier 27.

Bayan harbin

Amadeo ya shiga Madrid ranar 2 ga Janairu, 1871, ya fara da zuwa cocin Atocha ya tsaya a kan gawar mutumin da ya kawo shi. Bincike ya ambaci José Paúl y Angulo, ɗan majalisa mai ra'ayin jamhuriya kuma mai jarida, wanda ya bar ƙasar. Ya kuma taɓo sakataren Montpensier da wani na kusa da Serrano. Takardun shari'ar sun kai dubban shafuka, aka yi ta jan ta har aka rufe. A 1878 'yar Montpensier ta auri sarkin Sifaniya.

Haɗakar da ta yi juyin ta ƙunshi mutanen da ba abin da ya haɗa su sai ƙin Isabel da kwarjinin Prim. Bai gina jam'iyyar da za ta rayu bayansa ba, bai kuma raba soja da siyasa ba, tunda ta nan shi kansa ya hau. Jam'iyyarsa ta dare biyu tsakanin Sagasta da Ruiz Zorrilla. Amadeo ya sauya gwamnati shida cikin shekara biyu, ya ajiye sarauta a Fabrairun 1873. Jamhuriyar da ta biyo baya ta yi shugabanni huɗu cikin wata 11, kafin Janar Pavía ya kori majalisa da sojoji a Janairun 1874. A Disambar wannan shekarar Janar Martínez Campos ya fito da dakarunsa a Sagunto, da irin salon da Prim ya ƙware a kai, ya ɗora Alfonso, ɗan Isabel, a kan gado. Ba a jima ba aka janye ƙuri'ar kowa da kowa, ba ta dawo ba sai 1890. Mai karatu a Afirka ta Yamma, wanda ya sha jin hafsoshi suna alkawarin gyara ƙasa su miƙa wa jama'a, ba zai ga baƙon abu a wannan jeri ba.

Reus a yau

Reus ta ci gaba da harkarta. Kuɗin masaƙu da na barasar vermut da na avellana, wani ɗan itace mai ƙwanso da ake ci kamar gyaɗa, su suka gina gidajen ƙawa na farkon ƙarni na 20, irin su Casa Navàs da ke dandalin Mercadal da asibitin Pere Mata, dukansu aikin Lluís Domènech i Montaner. Garin yana alfahari da Antoni Gaudí, wanda ya tashi a nan ko da yake bai bar masa gini ko ɗaya ba, da kuma Fortuny, wanda aka adana zuciyarsa a cocin Sant Pere mai doguwar hasumiya. Yau mazauna garin sun haura 100,000, yana da filin jirgin sama da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido zuwa gaɓar Salou, kasuwarsa kuma har yanzu tana cikin wuraren da ake duba farashin avellana a Sifaniya.

A 1971 aka dawo da gawar Prim daga Madrid zuwa maƙabartar Reus. A 2012 aka fito da ita don bincike. Wata tawagar masana ta ce ta ga alamar shaƙewa a wuya, wato an ƙarasa shi ne a kan gadon jinya, wata tawagar daga jami'ar Complutense ta Madrid kuma ta ce babu hujjar haka, raunukan harsashi ne suka ruɓe suka kashe shi.

A Basalona, 'yan gwagwarmayar ma'aikata sun tumɓuke mutum-mutuminsa na lambun Ciutadella a 1936, aka sake ƙera shi bayan yaƙin basasa. A 2018 hukumar birnin ta cire na Antonio López, attajirin da ake dangantawa da fataucin bayi a Kyuba, na Prim kuwa yana nan. A Reus ma yana nan bisa dokinsa na tagulla, da takobi a hannu, a tsakiyar babban dandalin da ke ɗauke da sunansa, daura da gidan wasan kwaikwayo na Fortuny, inda mutanen gari ke haɗuwa da yamma.